Shekarar da Muka Raba Murya Biyar

Kun sha tambayata dalilin da ya sa nake ajiye da wannan ƙaramin baƙin akwati a kusurwar ɗaki, ga shi ya daina magana tun kafin wasunku su yi wayo, ga shi gizo-gizo ya mayar da shi gidan gadonsa. Na kuma san abin da kuke ji a gidan kawunku Sule, wai ni ce na kori kawunku Ilu daga Madarunfa da bakina. Masu faɗin haka ba ƙarya suka shara gaba ɗaya ba, sai dai sun kama labarin ta wutsiya. Tunda har yanzu idona yana ganin layi, bari in kama muku shi ta kai.

Ni dai tun ina yarinya Allah ya ɗora mini son ganin cikin abu. Tocilar Baba na kwance ta ban san iyaka ba, don kawai in ga inda hasken yake kwana idan an kashe. Agogon bango da aka kawo masa daga Makka ma bai tsira ba. Baba ba ya duka, sai ya tattara ƙusoshin a tafin hannu, ya girgiza kai ya ce, “Rakiya, ke in anka ba ki ƙwai sai kin hwasa ki ga inda zakara ke ɓoye cararshi.” Wannan hali ban bar shi a gidanmu ba da aka kai ni Gabi gidan mahaifinku, kuma da shi na dawo a shekarar da zan ba ku labarinta.

Baba ya rasu bayan an gama ɗaurin hatsi, a shekarun nan da kowa ke kukan karyewar kuɗin sefa. Mahaifinku ya ba ni izini in zo in zauna da Inna ta yi takaba, na zo da Balki a goye, na sauka a tsohon ɗakina da ke jikin rumbu. Maza uku Baba ya bari. Yaya Mamman shi ne babba, direban motar kaya ne tsakanin Maraɗi da Jibiya har Kano, mutum mai hannu a sake da son a ga fara'a ko ta dole ce. Yaya Sule manomi ne na gidi, magana ɗaya tak yake yi a wuni, ita ma sai an roƙa. Sai Ilu, autanmu, wanda bai daɗe da aure ba, ɗakinsa can ƙarshen gida kusa da garken awaki. Dukkansu a gandu ɗaya suke, wato da safe kowa ya tafi babbar gonar gida, abin da aka samu ya shiga rumbu ɗaya, da yamma kuma kowa ya leƙa gayaunarsa, 'yar gonarsa ta kansa. Gayaunar Ilu wata 'yar jigawa ce a kan hanyar Safo, wadda ko a shekarar albarka ba ta cika jaki uku ba.

Tun ana zaman makoki Ilu ya fara maganar tafiya. Ba cin rani yake nufi ba, wanda kowane saurayi ke yi ya dawo da hadarin fari. Tafiya yake nufi ta ɗaukar mata da tabarma. Inna ta ji, sai na ga yadda ta daina taɓa furar da ake dama mata. Ta rasa miji a lokacin kaka, tana tsoron kada ta rasa auta kafin shuka. Ni ma abin da ya hana ni komawa Gabi ke nan bayan ta fita takaba. Duk gidan, kowa da irin dabararsa, abu ɗaya muke nema, kada ruwan fari ya sauka Ilu ba ya cikin masu riƙe da sungumin shuka.

Dabarar Yaya Mamman ita ce ta zo a bayan mota. Wata ranar Laraba cikin zafin bazara ya tsaya a ƙofar gida, ya sa aka sauko da buhuna uku, an cusa tsummoki a ciki kamar ana jigilar ƙwai. Da aka kwance, sai ga baƙaƙen akwatuna. Biyu manya, tsayinsu ya kai ƙuguna. Ɗaya dogo a kwance. Biyu ƙanana, kowanne bai fi ƙwaryar fura ba. Sai wani mai nauyi da maɓallai a gaba, da gurbin kaset, da rediyo a jikinsa. Yaya ya ce sunansa ampili, amma kafin magariba yaran gida sun raɗa masa Uwa, sunan kuma ya bi shi. Na hannu ya saya a Kano, babu kwali babu takarda, sai abin da mai sayarwa ya gaya masa da baki.

“Gidan ga ya yi shiru da yawa,” in ji shi. “Tun da Baba ya tahi ko kaza sai ta nemi izini take kuka. Wannan in an kunna shi, murya ta ko'ina take zo maka, gaba da baya.”

To, a gidanmu ba a taɓa shigowa da tsaraba mutum ya wuce da ita ɗakinsa ba. Ko goro ne sai an shimfiɗa tabarma a gaban Inna, auta ya kasa, manya su ɗauka bi da bi, mai kasawa ya kwashi abin da ya rage. Haka Baba ya tarar, haka ya bari. Babu wanda ya tsaya tunanin ko wannan kaya na kasawa ne. Akwati biyar, mu biyar, ai lissafi ya fita da kansa. Uwa ta zauna a zaure tare da ƙaramin gurup ɗin Yaya, wato injinsa mai ba da wutar lantarki, sauran kuma Ilu ya jera su a tabarma.

Inna ta daɗe tana duban su, sannan ta nuna dogon da haɓa.

“Ku ba ni wancan mai kama da matashin kai. Kowane da ɗan'uwanshi, shi kaɗai ne babu. Mun dace.”

Yaya Mamman ya ɗauki babba ɗaya, Yaya Sule ya ɗauki ɗayan. Ni na ɗauki ƙarami, Ilu ya ɗaga na ƙarshe da hannu ɗaya, ya auna nauyinsa, ya yi wata 'yar dariya da ban so ba.

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne wayoyin da suka zo da kayan. Gajeru ne, mafi tsawonsu bai wuce a ja shi daga wannan bango zuwa wancan ba. Na ce wa Yaya, mutanen da suka iya ƙera wannan abu, me ya hana su ba da waya mai tsawo? Ya ce rowa ce irin ta Turawa, washegari ya kawo naɗin waya guda daga Maraɗi. Ni ban yarda rowa ba ce, amma ban san abin da zan kira ta ba, sai na ajiye tambayar a gefen zuciya.

Aikin haɗawa a hannuna ya faɗo, don yatsun maza sun yi kauri, ni kuwa na saba da kitso. A bayan Uwa akwai bakuna bibbiyu, ja da baƙi, kowanne da ɗan marfi da ake dannawa a cusa waya a saki ya cije. An yi rubutu a kansu da Ingilishi, Faransancin da na tsinta a lakwal, wato makarantar boko, bai yi mini rana ba. Yaya dai ya tuna mai sayarwa ya ce manya a bakunan sama, dogon a na tsakiya, ƙanana a na ƙasa. Na riƙa fere robar waya da reza, in murɗe zaren jan ƙarfen, in haɗa da sabuwar, in naɗe da tsinken robar taya. Muka kafa sanduna masu baki biyu a tsakar gida, muka bi da wayoyi ta kan danga da bayan rumbu, har gidan ya koma kamar an shanya zaren saƙa. Kunnawar farko Uwa ta yi haske, ta ce ƙas, ta mutu. Yaya Sule ya yi maganarsa ta ranar, ya ce, “An yi asara.” Na zagaya bayanta na duba baki ɗaya bayan ɗaya, sai na ga wani siririn zare daga ja ya miƙa ya taɓa baƙi. Na gyara shi, ta farfaɗo. A ranar na koyi cewa ja da baƙi tafiya suke tare amma ba sa gaisawa.

Ranar Juma'a bayan la'asar aka yi bikin kunnawa. Kowa ya koma ɗakinsa ya zauna gaban akwatinsa kamar mai jiran baƙo, Yaya Mamman ya tayar da gurup, ya kamo gidan rediyo ana labarai da Hausa. Ni a ɗakina shiru. Na kara kunne, shiru. Sai na ji muryar namiji tana fita tangaram daga ɗakin Inna, har wata maƙwabciya da ta shigo aron turmi ta ja baya tana salati, wai wane ne wannan a ɗakin matar da ba ta daɗe da fita takaba ba. Matar Yaya Sule ta leƙo ta ce nasu gurnani kawai yake, kamar mutum na magana a cikin tulu. Na Yaya Mamman ma haka. Na Ilu kuwa, kamar nawa, ko tari.

Yaya ya ce laifin rediyo ne, ya sa kaset ɗin wa'azi. Malam ma ɗakin Inna ya sauka. Ya sa na wani makaɗi da aka kwafa a kasuwar Ɗan Isa, shi ma can. Sai da ya laluba aljihun buhu ya samo wani kaset na waƙar Indiya da ya zo da kayan, sannan gida ya ɗauka. Amma wace irin ɗauka. Mai waƙar tana ɗakin Inna, ganguna suna sashen Yaya Mamman, masu goge suna wajen Yaya Sule, yara suna gudu daga ƙofa zuwa ƙofa suna haɗa waƙar da ƙafa. Ni da Ilu abin da ya iso mana wani ɗan amo ne siriri, kamar ana biki a wani gari iska tana kawo maka saura. Inna ta yi dariya a ranar, karo na farko tun rasuwar Baba, har da share hawaye. Ina cikin jin daɗin wannan na hango Ilu tsaye a ƙofar ɗakinsa, hannu a aljihu.

“Yaya Rakiya, kin gani ko? Ko murya anka raba a gidan ga, saura ce tawa.”

Cikin wasa ya faɗa, amma babu wanda ya yi dariya. Daga ranar akwatin Ilu ya zama aikina. Na sa wa raina in na sa shi ya yi magana, wataƙila mai shi ya zauna. Ku kuna iya cewa wauta ce, amma mai neman tsare ɗan'uwa ko da zaren gizo ya samu kamawa yake.

Ba zan ɓoye muku ba, ban da wannan damuwa akwai daɗi. Ban taɓa samun abin da ya tsokane mini kai irin wannan ba. Kullum in an tayar da gurup da la'asar, sai in goya Balki in shiga zaure. Na fara da zargin waya, don ta Ilu ce mafi tsawo, kuma na tarar akuya ta tauna ta a wuri ɗaya. Na yanke na sake haɗawa, amo ya ɗan ƙaru, amma bai zama murya ba. Sai na zargi akwatin. Na ɗauko shi na kai ɗakin Inna, na cire wayar dogon na sa masa, sai ga ɗan ƙaramin abu yana karanta labarai kamar limami. Na ɗauki dogon Inna na kai ƙarshen wayar Ilu, ya yi tsit. Ashe akwati ba shi da laifi, waya ba ta da laifi. Na koma gaban Uwa na riƙa danna maɓallai ɗaya ɗaya. Akwai wanda in ka danna, manyan biyu su kwashe komai, Inna da ni da Ilu mu mutu gaba ɗaya. Wannan na gane shi na kuma yi shiru da bakina, don in Ilu ya ji akwai maɓallin da ke bai wa manya duka, magana ta ƙare. Akwai kuma wani wanda in ka danna sai wani huci ya fita, shuuu, ya fara daga sashen Yaya Mamman, ya koma ɗakin Inna, ya wuce na Yaya Sule, sannan ya sauka nawa da na Ilu a tare, ya sake zagayowa. Matan gida suka ce in daina, abin yana kama da mai yawo a gida ba a ganinsa. Ni kuwa shi ya buɗe mini ido. Tunda hucin yana isa ko'ina da ƙarfi ɗaya, to Uwa tana iya ba kowa, ita ce dai ta zaɓi abin da take ba kowane baki. Magana ta tsakiya ce. Kiɗa na gefe ne. Bakunan ƙasa an yi su ne don saura.

Na je na gaya wa Inna yadda na gano. Tana tsince wake a faifai, ba ta ɗago ba.

“Wato bakin da ke magana guda ne.”

“Guda ne, Inna, kuma shi ne naki.”

“To mi kike jira? Ki ba Ilu nawa.”

“Ke hwa? Ke da kike jin labarai kullum?”

“Na ji labarai shekara da shekaru, ba su hana komi hwaruwa ba. Ki canza, kuma kar ki gaya mashi.”

Aikin bai fi ɗaga marfi huɗu ba. Na zare wayar Inna daga tsakiya na mayar ƙasa, na ɗauko ta Ilu na cusa a tsakiya. Da aka kunna, sai ga mai labarai a ƙarshen gida kusa da awaki. Ilu ya fito da gudu ba hula. Na ce masa na gyara, kuma ban yi ƙarya ba. Kwanakin da suka biyo baya su ne mafi daɗi a wannan shekara. Samarin unguwa suka koma shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakinsa, har Yaya Sule yakan ɗauko kujerarsa ya zo jin farashin gyaɗa. Hajo matar Ilu ta riƙa dafa shayi tana yauƙi. Na ga Ilu da idona ya sauko da sungumi daga rataya yana gyara masa ƙota, na je bayan rumbu na yi hamdala.

Hadari ya fara haɗuwa ta gabas a kwanakin. Wata la'asar ana cikin labarai Hajo ta soya kifin tabki, Ilu ya ce bari ya kai wa Inna da hannunsa. Ina tsakar gida ina wa Balki wanka na ga ya ɗaga labule ya tsaya, bai shiga ba, bai fito ba. Na leƙa ta bayansa. Inna tana zaune a ƙasa, ta ɗora dogon akwatin a cinya, ta manna kunnenta a jikinsa, ido rufe, tana neman abin da babu. Ashe kullum haka take yi. Ashe ba labaran take so ba, muryar namiji take so a ɗakin, a lokacin da Baba ya saba zama yana mata hira.

Ilu ya ajiye kwanon a hankali, ya ja ni gefe.

“Yaya, don Allah ki hwaɗa mani gaskiya. Gyara kinka yi, ko ɗauke mata kinka yi kinka ba ni?”

Ga wurin da ake cewa na kore shi. Ina iya cewa akwatin Inna ne ya lalace. Ina iya cewa gara ta ci waya. Da ya yarda, don yana son ya yarda. Amma mutum ya haɗa ni da Allah, kuma ba yaro ba ne, magidanci ne da ake shirin tsare shi da dabara kamar ɗan akuya. Na ce masa bakin magana guda ne, Inna ce ta ce a ba shi. Har yau in aka mayar da ni wannan tsakar gida, abin da zan faɗa ke nan, ko da yake na san abin da ya ci mini.

Ina rufe baki iska ta taso, ta tumɓuke sandunan waya biyu, aka fara yayyafi. Yaya Mamman ya yi ihu a kashe gurup, kowa ya ruga ya ciro akwatinsa, don rufin wasu ɗakunan ba a gyara ba tukuna. Ɗakin Inna ne kaɗai mai rufin kwano, can aka tara komai, har Uwa. Ruwan fari ya sauka kamar da bakin ƙwarya, mu duka a cunkushe a ɗaki ɗaya, manya da yara, ƙamshin ƙasa yana shigowa ta ƙofa. Da ya tsagaita, ina duban akwatunan nan a jere jikin bango, sai tambayar da na ajiye ta taso mini. Gajerun wayoyi. Daga wannan bango zuwa wancan.

Na ce wa Yaya ya tayar da gurup a ƙarƙashin rumfa. Na ɗauko wayoyin asali, na sa dogon a gaba, manya a dama da hagu, ƙanana biyu na kai su kusurwoyin baya, don nan ne kawai wayarsu ta kai ba tare da ta bi ta kan mutane ba. Na sa kaset ɗin Indiya. Abin da ya fito ba zan iya kwatanta muku shi ba, ku da kuka tashi da irin waɗannan abubuwa a aljihu. Waƙar da muka yi makonni muna bi ɗaki ɗaki ta haɗu ta zama ɗaya, ɗakin ya yi faɗi kamar an ture bangon. Ɗan amon nan da muka raina, shi ne yake zagayowa ta bayan wuya ya sa ka ji kana cikin abin, ba kallonsa kake ba. Yara suka riƙa waiwaye. Yaya Mamman ya riƙa cewa, “Ai na gaya maku, gaba da baya.” Muka gane kuma in ka matsa gefe abin ya karkace, wuri ɗaya ne tak a tsakiyar ɗaki inda komai ke daidaita. Aka riƙa zama bi da bi, Inna ta fara, Ilu ya zo ƙarshe.

Ya daɗe a wurin, har waƙar ta ƙare kaset ya yi ƙas. Ni a raina na ce shi ke nan, ya ji amfanin nasa, zai zauna. Sai ya buɗe ido ya dubi yayyensa.

“Abin ga na ɗaki guda ne da mutum guda. Mu munka ja shi ya ishi gida biyar, shi ya sa kowa ke jin guntu. Yaya, gonar Baba ma haka take. Shi kaɗai ta isa. Mu uku da ɗiyanmu, in na ƙoshi, to wani anka ɗauke ma. Da ina cewa ƙyashi ne kuke mani. Yanzu na gane ba laihin kowa ba ne, kuma ba ni iya cin abin da anka zare daga bakin Inna.”

Yaya Mamman ya fara rantse-rantse, ya ce zai saya masa gona, zai koya masa mota. Yaya Sule ya dubi ƙasa, don shi ya fi kowa sanin abin da rumbu ke ɗauka. Inna ba ta taɓa kiran sunan ɗanta na fari ba saboda kunya, amma auta ba a yi masa wannan. Ta ce, “Ilu,” sau ɗaya, ta tsaya. Sannan ta ce, “Allah shi yi maka albarka inda za ka.”

Washegari gari ya fita shuka, shi ya tsaya bakin hanya da Hajo da ƙullin kaya. Duk wanda ya wuce da sungumi a kafaɗa ya san ma'anar mutumin da ke jiran mota ranar shuka. Gayaunarsa ya bar wa Yaya Sule. Abu ɗaya ya shiga ɗakin Inna ya ɗauka, ƙaramin akwatinsa, ya ce rabonsa ne, a tabarma ya same shi. Na so in naɗe wayar da ta rage tana lilo a kusurwa, Inna ta ce in bar ta. Na yi kuka a ranar irin wanda ban yi ba ko a rasuwar Baba, kuma na ji haushin kaina da wannan son sani nawa, ko da yake na san ko ban buɗe baki ba gonar ba za ta ƙara faɗi ba.

Sai bayan an yi girbi saƙonsa ya zo. A lokacin wanda bai iya rubutu ba kaset yake cikawa da magana ya ba direba, Yaya Mamman ne ya kawo shi daga Katsina a aljihun gaba. Aka aika Gabi aka kira ni, don Inna ta ce ba mai taɓa Uwa sai ni. Muka taru bayan la'asar, ta zauna a tsakiyar ɗaki, na danna. Muryar Ilu ta fito daga dogon akwatin a gabanta, yana sallama, yana gaida kowa da suna, yana cewa ya samu aiki wajen masu sayar da hatsi, Hajo kuma tana da ciki. Bai yi nisa ba Inna ta ɗaga hannu.

“Tsaida shi. Ba nan ne wurinshi ba.”

Na gane abin da take nufi. Na ɗauko nawa ƙaramin akwatin, wannan da kuke gani, na kai shi kusurwar Ilu, na ɗaura masa wayar da ke lilo, na zagaya bayan Uwa na cusa ɗaya bakin wayar a tsakiya. Na mayar da kaset farko. Sallamarsa ta fito daga baya, cikakkiya, babu saura a cikinta. Yara duk suka juya. Na ce, Inna, in juya miki tabarma ki fuskance shi?

Ba ta waiwaya ba. Ta kai hannu baya ta gyara ɗaurin zanenta, irin yadda mai goyo ke yi.

“Bar ni haka,” ta ce. “Ta nan na hwara jin muryarshi.”